Aya, kajiji da aya-aya: wacce za a bari a gida, wacce za a kora?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar unguwar Zariya ce a nan Maraɗi. Akwai ɗan fili a bayan ɗakina, bai fi taku biyar ba. Ina so in shuka aya saboda yara na son kunun aya, in kuma dasa kajiji tunda ina haɗa turaren wuta. Amma maigidana ya hana, ya ce duk dangin aya-aya ne, in suka shiga gida ba su fita har abada, kuma za su cinye 'yar garkar tumatir da yakuwa da muke da ita. Wata maƙwabciyata kuma ta ce sau ɗaya ake shuka su, kowace shekara sai dai a yi ta tona. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: ko waɗannan tsirrai za su zame miki annoba a gida, da kuma ko gaskiya ne suna rayuwa shekara da shekaru ba tare da an sake shuka ba. To Alhaji yana da gaskiya, maƙwabciyarki ma tana da tata, sai dai kowannensu rabin zancen ya riƙe. Dalilin da ya sa Alhaji ke tsoro shi ne dai dalilin da ya sa maƙwabciyarki ke murna: waɗannan tsirrai ransu a ƙarƙashin ƙasa yake. Ganyen da muke gani yana bushewa da kaka, rana ta ƙone shi da bazara, akuya ta cinye shi, amma abin da ke binne yana nan yana jiran ruwan farko. Wanda ya iya da abin da ke ƙasa ya iya da su, wanda kuma ya tsaya kallon ganye zai yaba wa aya zaƙinta.

Uwa ɗaya, hali uku

Gaskiya ne dangi ɗaya ne. Malaman tsirrai suna kiran zuriyar da sunan Cyperus, kuma ko da yake ido na ganin su kamar ciyawa, ba dangin gero da dawa da gamba ba ne. Ki tsinko karan aya ki murza shi tsakanin yatsu, za ki ji yana da kusurwa uku, ba mulmulalle ba ne kamar karan ciyawa, kuma ba shi da gaɓa. Wannan bambanci yana da amfani nan gaba, domin maganin feshin da aka yi don ciyawa zalla sau da yawa ba ya taɓa su.

Ayar da muke ci tana fitar da siraran jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa, kowace jijiya ta ƙare da ƙwaya ɗaya a bakinta. Nan take tsayawa. Aya-aya kuwa ƙwayoyinta a jere suke kamar carbi, wannan ta haifi waccan, waccan ta haifi ta gaba, jijiya mai tauri kamar waya ta haɗa su. Ƙwayarta baƙa ce, ga ɗaci, ga wani ƙamshi mai yaji in an fasa. Furenta ja-ja ne mai duhu, na aya kuwa ruwan zinari, ko da yake ayar noma ba ta cika yin fure ba. Kajiji shi daban yake da su biyun: karansa mulmulalle ne, dogo, yana iya wuce ƙugun mutum har ya kusa kafaɗa in ya samu ruwa, kusan ba shi da ganye, kuma in kika bi karan da yatsa, musamman in ya bushe, za ki ji wasu gaɓoɓi a jere a cikinsa. Shi ɗan fadama ne, ƙafarsa a cikin laka yake so. Aya 'yar jigawa ce.

Ke da kike Maraɗi ba sai an gabatar miki da aya ba. Jiharmu ce kan gaba wajen nomanta a Nijar, kuma duk wanda ya bi hanyar Cadawa, Agye da Gazawa bayan kaka ya ga ƙurar masu rairaya tana tashi daga gonaki kamar hayaƙi. Daga nan buhuna ke tsallakawa Najeriya, wasu har Sifaniya, inda mutanen yankin Balensiya ke yin nasu kunun ayar da suke kira horchata. Tsohuwar shuka ce ƙwarai, an same ta a kaburburan Misirawan zamanin Fir'auna. Na kawo wannan ne don ki lura da abu ɗaya: manoman Cadawa, da suka fi kowa sanin cewa aya ba ta mutuwa, ba su taɓa barin ta ta kwana shekara a gona da gangan. Kowace damina sabuwa suke shukawa. In aka bar ta, gyauro ne zai fito a cunkushe, ɗaruruwan tsiro suna ƙwace wa juna abinci, ƙwaya ta ƙanƙance ta koma kamar tsakuwa, shekara ta uku kuma ba ki da amfani, ba ki da fili. Don haka shawarar maƙwabciyarki ki ajiye ta ga kajiji, kada ki yi wa aya ita.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Farkon fara aikina na malamin gona, da ɗokin abin da na karanto, na zuba aya a gefen fangalin albasar mahaifiyata ba tare da wani shinge ba. Na tona da kaka, na samu 'yar tiyata ina ta fahariya. Damina uku a jere tsohuwa tana tsugune tana cire gyauro daga cikin albasa da alayyafo, kuma duk tsiron da ta tuge sai ta kira sunana. Tun daga lokacin ban sake ba wa mai ƙaramin fili shawarar ya zuba aya kai tsaye a ƙasar gida ba.

Yadda za ki yi da aya

A fili mai taku biyar da tumatir a gefe, ki shuka ta cikin abin da ke da gindi. Rabin tano, tsohuwar roba ta wanki, buhun da aka naɗe bakinsa, duk suna yi. Zurfin ƙasa wajen santimita 30 ya isa, domin yawancin ƙwayoyin a cikin santimita 15 na sama suke taruwa. Ki huda gindin don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ki ɗora a kan bulo ko daɓen siminti yadda jijiya ba za ta bi ta hudar ta shiga ƙasa ba. Tsohuwar taya da mutane ke so ba ta da gindi, in ita ce a hannu sai an shimfiɗa mata buhu biyu a ƙasa. In kuma lalle fangali kike so a ƙasa, ki haƙa shi, ki shimfiɗe ciki da gefe da buhuna, ki mayar da ƙasa, ki bar tazarar aƙalla taku ɗaya tsakaninsa da garka.

Ƙasar ita ce rabin aikin. Ki nemi rairayin jigawa mai laushi, kashi uku, ki haɗa da kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai har ya daina wari. Ki tankaɗe duka da rariya kafin ki zuba. Wannan tankaɗen yana yi miki aiki biyu: yana fitar da ƙwayar aya-aya da ke ɓuya cikin taki da ƙasar da aka kwaso daga waje, wadda tana cikin hanyoyin da take shiga gidaje, sannan ranar tono ba za ki zauna tantance aya da tsakuwa ba, tunda babu tsakuwar. Ƙasar geza ko laka mai ɗauri ba ta dace ba. Ƙwaya ba ta sakewa a ciki, kuma wanke ta wahala ne. In akwai tokar murhu, ɗan barbaɗe kaɗan yana taimaka wa ƙwaya, amma kada a cika.

Iri kuwa yana kasuwa. Busasshiyar aya ɗanya ta bara ita kike nema, ba soyayya ba, ba mai sukari ba, ba wadda ta shekara biyu a shago ba. Akwai manya akwai ƙanana. Don kunu da ci da baki, manyan sun fi daɗin sha'ani, tono da tsincewarsu ma ya fi sauƙi a gida. Ki jiƙa ta kwana ɗaya zuwa biyu kina sauya ruwa safe da yamma har ta kumbura ta sake, ki zubar da wadda ta taso saman ruwa ko ta yi laushi. In kina shakkar irin, ki naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a inuwa. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma za ki ga nawa suka tsaga. Ki binne su zurfin gaɓar yatsa biyu, santimita 3 zuwa 5, da tazarar kusan santimita 15 tsakanin rami da rami. Za ki ga kamar kin yi asarar wuri. Ki yi haƙuri, ƙwaya ɗaya tana zama kumbu guda mai 'ya'ya gommai, wani lokaci fiye da ɗari.

Lokacin da ya fi shi ne in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Ruwan da muke samu a Maraɗi, wajen milimita 500 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka, kuma aya tana bukatar wata uku zuwa huɗu. Akwai kuma wani sirri da ke tattare da tsawon yini: lokacin da yini ke da tsawo aya ganye take yi, in ya fara gajarta wajen Satumba sai ta juya ga zuba ƙwaya. Shi ya sa wadda aka shuka da sanyin Disamba take jinkirin tsiro, ta tsaya gajeruwa, ta yi 'ya'ya kaɗan. Ana iya yin ta rani da ban-ruwa, na gwada, amma in aka lissafa kuɗin ruwan pampo sai a ga sayen tiya a kasuwa ya fi araha.

Rana take so tun safe har yamma. Kada ki ajiye ta ƙarƙashin dalbejiya ko jikin katangar da ke tare hantsi. Abin da ke cikin tano ya fi na ƙasa saurin bushewa, don haka in ruwa ya ɗauke kwana uku ko huɗu, ki tsoma yatsa, in ƙasa ta bushe ki ba ta da arozuwar da yamma. Watan farko ki riƙa cire duk wata ciyawa da hannu. Bayan nan ita da kanta za ta rufe wurin. Aya maciyiya ce, manoma sun san tana son taki sosai, amma in kin haɗa ƙasar yadda na faɗa, ɗan cokali ɗaya na takin zamani 15-15-15 ga rabin tano bayan mako uku ko huɗu ya wadatar. Ki guji yawan takin ure. Ganye zai yi kore shar har maƙwabta su yaba, ranar tono ki tarar da jijiya zalla.

Maƙiyanta a gida ba ƙwari ba ne sosai. Kaji ne, da ke tone irin tun bai tsiro ba, sai awaki, sai ɓera da gafiya in ƙwaya ta nuna, sai kuma yaran da aka shuka dominsu. Ƙaya ko tsohon gidan sauro a kai na makonnin farko yana maganin kaji. Gara tana zuwa ne in takin bai ruɓe ba ko an bar ayar ta daɗe a busasshiyar ƙasa.

In ganye ya yi rawaya ya kwanta, wajen Oktoba, ki daina ba da ruwa ki bar ƙasa ta bushe mako biyu. A gonaki wuta ake sa wa ganyen, sannan a tone ƙasar a rairaye ta. Hanyar tana da sauri, amma tana barin gona tsirara da ƙasa kamar gari, iskar hunturu ta zo ta kwashe; abin da ya daɗe yana damun masu aikin gona a jihar nan ke nan. Ke ba ki da bukatar wuta. Ki yanke ganyen ki ba dabbobi ko ki zuba a ramin taki, ki shimfiɗa tabarma ko leda, ki kife tanon a kai, ki bi ƙasar duka da rariya. Duka nake nufi, har ta gindi. Ƙasar da aka rairaye kada ki watsa ta a garkar tumatir, komai kyanta, don ba a rasa 'yar ƙwaya da ta zille. Ki mayar da ita tano, ki ƙara taki, ki shuka wake ko yakuwa a ciki, duk gyauron da ya fito ki gan shi ki cire. Ayar kuma ki wanke, ki shanya har sai ta yi ƙara in an girgiza ta a kwano, domin mai sauran danshi fumfuna take yi a buhu. Ki ware ta iri tun kafin yara su gano inda take.

Kada ki sa ran buhu. Tano biyu ko uku za su ba ki abin kunu na 'yan lokuta da ɗan abin dakuwa. Ribar ita ce ɗanyar aya sabuwar tonowa, mai ruwa-ruwa da zaƙi, wadda ba a cika samun irinta a kasuwa ba sai da kaka.

Kajiji

Shi ne zai zauna miki shekaru. Sai dai kajijin da kike saya wurin masu kayan turare ya bushe ƙamas, ba zai tsiro ba. Ɗanye ake nema, saiwa mai ido biyu ko uku da ɗan kara a jiki. Ki sa a tambaya miki wurin masu garka a bakin gulbi ko masu zuwa fadamu da bakin tafki. In an kawo, ki duba karan, ki kankare saiwar ki sunsuna; ke da kike haɗa turare hancinki ya fi nawa sanin kajiji. Ina jaddada wannan ne saboda akwai 'yan'uwansa da yawa a fadama masu kama da shi, wasu ma da sunan ake sayar da su, kuma daga nan inda nake ba zan iya tabbatar miki da abin da aka miƙo miki ba sai na gani.

Shi mazubinsa ba a huda shi. Rabin tano ko ƙaramin kwarmin siminti, a cika da ƙasar fadama mai laka wadda aka tankaɗe, da ɗan taki, a dasa saiwar ba da zurfi ba, a riƙe ƙasar a jiƙe kullum. Wuri mafi dacewa a gidan Bahaushe shi ne inda ake alwala: ruwan da ke zuba sau biyar a yini ya ishe shi ko da bazara, in gidan na da jama'a. Ruwan wanki mai omo ko na wanke-wanke mai maiƙo kada ya shiga. Abu ɗaya da ba na wasa da shi shi ne sauro. Kada ruwa ya kwanta a saman ƙasar ya yi kwanaki, domin da zafinmu mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa ƙwan sauro ya zama sauro. Ki cika mazubin da ƙasa kusan har baki, ki rufe saman da yashi, ya zama laka a ciki, sama kuma ba tafki.

Shekarar farko ki ƙyale shi ya kafu. Daga nan, kowace shekara da rani ki zazzage shi, ki ɗebi kashi biyu cikin uku na saiwar, ki mayar da kashi ɗaya mai sababbin idanu cikin sabuwar ƙasa. In ba a yi haka ba yana cika mazubin, tsakiya ta mutu, kara ya sirance. Wanda kika ɗiba ki wanke, ki cire gashin jikinsa, ki shanya a inuwa mai iska, don rana mai zafi tana rage ƙamshin. Maganar shan sa don magani da wasu mata ke yi, wannan ba fagena ba ne, musamman ga mai ciki ko mai shayarwa. Likita za a tambaya.

In aya-aya ta riga ta shiga

Ina zargin abin da Alhaji ya taɓa gani ke nan, kuma duk wanda ta taɓa gasa wa aya a hannu ba ya mantawa. Ana lissafa ta cikin ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya baki ɗaya. Sara da hauya ƙara ta yake yi: a cikin carbin nan ƙwayar gaba ce ke tsiro, sauran suna barci, da zarar an tsinke jijiyar sai kowace ta farka ta zama uwa. Baƙar leda siririya ma huda ta take yi ta fito.

Rauninta biyu ne, rana a kan ƙwaya da inuwa a kan ganye. Ƙwayar aya-aya ba ta jure bushewa kamar ta aya. Don haka a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a daina ba wurin ruwa, a tone shi da zurfi, a bar ƙasar a buɗe, bayan mako a sake juyawa, a tsince abin da ya fito a ƙone, kada a zuba a ramin taki. Da damina kuma a rufe wurin da abin da ke shimfiɗa ganye da sauri, dankali ko wake mai yaɗo ko kabewa, duk tsiron da ya leƙo a tuge shi tun yana da ganye uku ko huɗu, kafin ya tara sabuwar ƙwaya. Ba aikin shekara ɗaya ba ne, ki sa ran biyu ko uku. Akwai maganin feshi mai gilifosat da ke bin ganye ya sauka ƙasa, amma ba ya bambanta ta da tumatir, yana bukatar maimaitawa, kuma a tsakar gida mai yara da kaji ni ba na ba da shawararsa.

Ki ce wa Alhaji ya ba ki damina ɗaya da tano biyu a kan bulo, ɗaya mai huda a rana don aya, ɗaya marar huda a wurin alwala don kajiji. Ranar tono ki kira shi ya riƙe rariyar da kansa, ya duba ƙarƙashin bulon ya ga ko wani abu ya tsallaka. In kajijin da aka kawo miki ya ba ki shakka, ki kai shi da karansa da saiwarsa wurin malaman gona na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da ke Tarna su duba miki kafin ki dasa.